Daga fadama zuwa cikin ƙwai: Yadda masana ke kama ƙwayar murar tsuntsaye da ranta

Duk lokacin da murar tsuntsaye ta faɗa wa gonakin kaji, ko a Kano ne ko a Filato ko a Damagaram, akwai maganar da ba a rasa ji daga bakin jami'ai: tsuntsayen daji masu ƙaura ne suka kawo ta. Maganar tana da tushe, domin agwagin ruwa da dinyoyi da tsuntsayen bakin gaɓa su ne gidan asali na wannan ƙwayar cuta. Sai dai daga zargi zuwa hujja akwai doguwar tafiya, wadda ke ratsa taɓon fadama da tulun sanyi kafin ta ƙare a cikin ƙwan kaza mai ɗan tayi na kwana goma. Wanda ya san yadda ake wannan aiki zai iya auna nauyin sanarwar da ke cewa "an gano cutar a jikin tsuntsayen daji", ya san abin da ta tabbatar da abin da ta bari a buɗe.

Masu binciken cututtukan dabbobi suna bambanta abubuwa biyu da kunnen ɗan kallo ke ji kamar ɗaya. Na farko shi ne gano alamar ƙwayar cutar a cikin samfur, wato na'ura ta nuna akwai gutsuren rubutun gadonta. Na biyu shi ne ware ta: a fitar da ita da ranta, a sa ta hayayyafa a ɗakin gwaje-gwaje har a samu isasshiya da za a yi nazari a kanta, a kuma adana. Na farko kamar ganin sawun kura ne a bakin garke, na biyu kuwa kamo kurar ne a ɗaure. Yawancin labaran da ake bugawa a kan na farkon suke, alhali tambayoyi masu nauyi, kamar ko rigakafin da ke hannu zai yi aiki a kanta, suna jiran na biyun.

Abin da ake farauta

Murar tsuntsaye tana cikin dangin bairos na mura rukunin A, dangi ɗaya da murar da ke kama mutane da aladu da dawaki. A bayan kowace ƙwaya akwai ƙayoyin furotin iri biyu. Wanda ake yi wa laƙabi da H shi ne ƙugiyar da take maƙalewa da ita a jikin ƙwayoyin halittar tsuntsu don ta kutsa ciki. Wanda ake kira N kuma almakashi ne da take yanke kanta da shi ta fice bayan ta hayayyafa. A jikin tsuntsayen ruwa an samu H iri 16 da N iri 9, kuma daga haɗuwarsu ne sunaye irin su H5N1 da H7N9 suka fito. Rubutun gadon ƙwayar a yanke yake gida takwas, don haka idan iri biyu suka haɗu a cikin agwagwa ɗaya suna iya musayar yanki, a wayi gari da sabon iri.

An daɗe da sanin cutar a jikin kaji. Tun 1878 Edoardo Perroncito ya bayyana ta a Italiya, a 1955 kuma Werner Schäfer na Jamus ya nuna cewa ƙwayar mura ce ta rukunin A. Amma karon farko da aka ware ta daga tsuntsun daji a nahiyar Afirka ne: a 1961, lokacin da wasu ƙananan tsuntsayen teku kimanin 1,300 suka mutu a gaɓar Afirka ta Kudu, aka fitar da nau'in H5N3 daga jikinsu. A shekarun 1970 ne bincike a Amurka da Kanada da Ostireliya ya nuna abin da ya fi wannan ban mamaki. Agwagin daji masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da ƙwayar a hanjinsu, suna zubar da ita ta kashi a cikin ruwa, ba tare da ko gashi ɗaya ya tashi a jikinsu ba. Robert Webster da abokan aikinsa na asibitin St Jude da ke Memphis suna cikin waɗanda suka kafa wannan fahimta, kuma tun 1976 ake ɗaukar samfur daga agwagin lardin Alberta na Kanada kusan kowace shekara.

Wahalar aikin daga nan ta faro. Mai gonar kaji yana ganin gawarwaki ya san inda zai nuna wa likita. Mai binciken tsuntsayen daji kuwa yana neman cuta ne a jikin tsuntsun da ke kiwo da shawagi lafiya lau, wanda kuma bai cika wuce mako ɗaya zuwa biyu yana zubar da ƙwayar ba. Lissafi ma bai yi masa sauƙi ba. Idan tsuntsu ɗaya ne cikin ɗari ke ɗauke da cutar, sai an gwada kimanin 300 kafin a samu tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa za a ci karo da ko guda. Saboda haka rahoton da ya ce an gwada tsuntsaye hamsin ba a samu komai ba, bai wanke fadamar ba.

A bakin ruwa

Hanyoyin samun samfur ba su da yawa. Ana kama tsuntsaye da rai da raga ko tarko, a shafi maƙogwaro da mafitar kashi da tsinke mai ɗan ƙullin zare a kai, a sa wa tsuntsun zobe a ƙafa a sake shi. Ana karɓar samfur daga abin da maharba suka harbo. Ana kuma bin inda garke ya kwana a kwashi ɗanyen kashi da sassafe, wanda shi ne mafi arha, amma yana da naƙasu: da wuya a rantse wane tsuntsu ne ya yi shi sai an ƙara wani gwajin. Idan kuma gawa aka tsinta, akan ɗebi huhu da saifa da ƙwaƙwalwa da maƙoshi, a ware hanji daban saboda tarin bakteriyar da ke cikinsa.

Dalilin shafar wuri biyu shi ne, ire-iren da ba su da tsanani sun fi zama a hanji, yayin da zuriyar H5N1 mai kisa, wadda ta samo asali daga wata dinya a lardin Guangdong na China a 1996, ta fi fitowa ta maƙogwaro a jikin agwagi da yawa. Mai binciken da ya tsaya a kashi kaɗai yana iya tsallake wadda aka fi tsoro.

Ko tsinken ma ba kowanne ba. An fi son mai zaren roba da sandar roba, domin auduga da itace suna iya riƙe ƙwayar ko su ɓata gwajin da zai biyo baya. Ana tsoma shi nan take cikin wani ruwa na musamman mai gishiri daidai da na jiki, da ɗan furotin da ke kare ƙwayar, da magungunan kashe bakteriya.

Daga wannan lokaci agogo ya fara bugawa. Ƙwayar mura tana lulluɓe ne da wani siririn mayafi na kitse, kuma zafi da bushewa da hasken rana suna yayyaga shi. A ruwa mai sanyi na tafkunan arewacin duniya tana iya yin makonni ko watanni da ranta, amma a ruwa mai ɗumi kwanakinta ƙalilan ne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, mai hedikwata a Paris, ta shimfiɗa ita ce samfur zai iya zama a sanyin firiji, digiri 4 a ma'aunin Salshiyos, na 'yan kwanaki da ba su wuce huɗu ba. Idan zai daɗe fiye da haka sai a daskare shi a digiri 80 ƙasa da sifili. Firizar gida, wadda ke tsayawa a wajen digiri 20 ƙasa da sifili, ba ta riƙe ran ƙwayar yadda ake so, kuma duk narkewa da sake daskarewa yana kashe wani kaso. Shi ya sa masu aiki a wurare masu nisa ke yawo da tulun ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Duk wanda ya san zafin watan Maris a Nguru, da halin wutar lantarki a wannan yanki, ba ya buƙatar a faɗa masa inda samfura da yawa ke rasa ransu. Sukan isa ɗakin gwaji da rubutun gadon ƙwayar lafiya ƙalau, amma ita kanta ta riga ta mutu a hanya.

Na'urar da ke ganin sawu

A yau ba a fara kai samfur ga ƙwai. Ana fara tace shi da gwajin PCR, wanda annobar korona ta sa sunansa ya shiga bakin kowa. Akan tsamo rubutun gadon da ke cikin samfurin, na'ura ta nemi wani yanki da kusan duk ƙwayoyin mura na rukunin A suka yi tarayya a kai, ta shiga kwafarsa. Kowane zagaye yana ninka adadin sau biyu, ta yadda bayan zagaye 30 kwafi ɗaya ya zama kimanin biliyan guda. Wani sinadari mai ƙyalli ne ke nuna lokacin da kwafin ya taru har ya kai a gani. Idan ƙyallin ya bayyana da wuri, a zagaye na 20 misali, ƙwayar tana da yawa. Idan sai a zagaye na 36 ko 38 ya leƙo, abin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, kuma damar fitar da ita da rai ta yi rauni. Samfurin da ya nuna alama sai a sake gwada shi don a ga ko H5 ne ko H7, ire-iren biyu da aka san suna rikiɗewa su zama masu kisa.

Gwajin yana da sauri, cikin yini ɗaya an gama, kuma ana iya haɗa samfura biyar a gwada tare don rage kuɗi. Amma bai san rayayye da matacce ba. Kashin tsuntsu kuma yana ɗauke da abubuwan da ke daƙile aikin na'urar har ta ce babu alhali akwai. Sannan da yake abin da aka koya mata kaɗai take nema, ƙwayar da ta canza harafi a daidai wurin da ake dubawa tana iya wucewa ta gabanta.

Ƙwai mai kwana goma

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, bayan duk wannan ci gaba, hanyar da aka fi dogara da ita wajen kama ƙwayar da ranta ta haura shekara tamanin. A 1931 Alice Woodruff da Ernest Goodpasture na Jami'ar Vanderbilt a Amurka suka nuna cewa ana iya renon bairos a cikin ƙwan kaza mai ɗan tayi. Macfarlane Burnet na Ostireliya ya daidaita dabarar ta dace da mura a wajen 1940. Bairos ba ya hayayyafa sai a cikin rayayyar ƙwayar halitta, ƙwai kuwa ɗaki ne a rufe, mai tsafta, cike da irin ƙwayoyin halittar da murar tsuntsaye ta saba da su.

Ƙwan kasuwa ba ya wannan aiki. Na kajin gona masu zubi ba shi da ɗan tayi tun farko, domin ba zakara a tare da su. Na kazar gida kuma yana iya zuwa da wata cutar, ko da sinadaran garkuwa da uwar ta zuba a gwaiduwa. Ana amfani ne da ƙwan wasu kaji da ake kiwo a killace, ana gwada jininsu a kai a kai don tabbatar da cewa ba su taɓa haɗuwa da jerin wasu cututtuka ba. Irin wannan ƙwai yana da tsada, a ƙasashe da dama ma shigo da shi ake yi. Inda babu shi akan koma ga ƙwan garken da aka tabbatar ba shi da garkuwar mura.

Kaza tana ƙyanƙyasa a kwana 21. Ana ɗaukar ƙwan ne a tsakanin kwana 9 da 11, kuma zaɓen yana da hikima. A lokacin wata jaka mai ruwa, wadda ɗan tayin ke tara sharar jikinsa a ciki, ta yi girma ta kewaye kusan dukan cikin ɓawon, alhali garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba balle ta yaƙi baƙo. Ma'aikaci yakan haska ƙwan da fitila a ɗaki mai duhu, kamar yadda masu ƙyanƙyasa ke yi, ya ga jijiyoyin jini da kogon iska da motsin ɗan tayi. Sai ya goge ɓawon, ya huda ɗan rami, ya zuba ɗigon samfurin da allura cikin waccan jaka, ya toshe ramin. Ana ba kowane samfur ƙwai da yawa, a mayar da su na'urar ƙyanƙyasa a ɗumin da ya kai kimanin digiri 37, a riƙa haska su kullum har tsawon kwana biyu zuwa bakwai.

Abin da ake kallo shi ne mutuwa da lokacinta. Ƙwaya mai tsanani tana kashe ɗan tayin cikin kwana ɗaya ko biyu, a ga jijiyoyin sun dushe, motsi ya tsaya. Marar tsanani tana iya cika jakar da zuriyarta ɗan tayin yana nan da ransa. Saboda haka mutuwa kaɗai ba ta yanke hukunci, domin raunin allura ko bakteriyar kashi ma suna kisa, rayuwa kuma ba ta wanke samfur. Dole a ɗebi ruwan kowane ƙwai a gwada. Kafin a fasa, akan sanya ƙwan a firiji na sa'o'i, don jijiyoyi su tsuke kada jini ya gauraya da ruwan, saboda ƙwayar tana manne wa jajayen ƙwayoyin jini ta nutse tare da su.

Wannan ɗabi'ar mannewa ita ce kuma ta zama ma'aunin gane ta. A 1941 George Hirst, a birnin New York, ya lura cewa idan jini ya zuba cikin ruwan ƙwan da ke da ƙwayar mura, sai jajayen ƙwayoyin su dunƙule. Daga wannan lura aka gina gwajin da har gobe ake yi. Ana zuba ruwan ƙwan a ƙananan ramukan wani faranti na roba, a ƙara jajayen ƙwayoyin jinin kaza da aka wanke, a jira kamar rabin sa'a. Inda babu bairos, jinin yakan kwanta a ƙasa ya zama ɗan jan ɗigo, idan an karkata farantin ya gangaro kamar hawaye. Inda yake, ƙugiyoyin H sun riga sun sarƙe ƙwayoyin jinin da juna kamar raga, sai ramin ya zauna da launin ja a baje. Da ido ake karanta shi, ba na'ura. Idan babu alama, ba a yanke ƙauna, akan ɗebi ruwan a sake zuba shi a sababbin ƙwai aƙalla sau ɗaya, domin ƙwayar da ta shiga kaɗan tana buƙatar zagaye na biyu kafin ta taru. Wannan ne ya sa amsar ƙwai kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Dunƙulewar jini ma ba ta gama magana ba. Ƙwayar cutar Newcastle, wadda ke share kajin ƙauye a lokacin hunturu, ita ma tana dunƙule jini, kuma agwagin daji suna ɗauke da 'yan uwanta da dama. Don rarrabewa akan kawo ruwan jini mai ɗauke da sinadaran garkuwa da aka san abokin gabar kowanne: wannan na Newcastle, wannan na H1, wannan na H2, har zuwa H16. Wanda ya hana dunƙulewar shi ya faɗi sunan ƙwayar. Akwai makamancin wannan gwaji na N, kodayake a yau karanta rubutun gado ya karɓi kaso mai yawa na aikin.

Ƙwai yana da nasa son kai. Idan tsuntsu yana ɗauke da iri biyu, wanda ya fi saurin hayayyafa a ƙwan kaza yakan danne ɗayan, a rubuta ɗaya a rasa ɗaya. Wasu ire-iren na tsuntsayen teku ba sa sakin jiki a cikinsa. Ƙwayar da aka yi ta juyawa daga ƙwai zuwa ƙwai kuma takan ɗan canza don ta dace da sabon gidanta, shi ya sa ake taƙaita zagayen. Akwai masu amfani da ƙwayoyin halittar ƙodar kare da ake reno a kwalba, waɗanda suka yi suna wajen murar mutane, amma ga ƙwayoyin tsuntsayen daji ƙwai ne ya fi kamawa.

Mai kisa ce ko marar kisa?

Wannan ita ce tambayar da ke da kuɗi a cikinta, domin amsarta ce ke jawo kashe kaji da rufe kasuwanni da hana fitar da kaya. Kafin ƙwayar ta iya shiga ƙwayar halitta, sai wani sinadarin jikin tsuntsun ya tsaga ƙugiyar H a wani gurbi. A ire-iren da ba su da tsanani, sinadaran hanji da hanyar numfashi ne kaɗai ke iya wannan tsagawa, don haka cutar ba ta wuce can. A masu tsanani gurbin ya canza yadda sinadaran da ke ko'ina a jiki ke iya tsaga shi, sai cutar ta bazu zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Karanta rubutun wannan gurbi yana nuna ɓangaren da ƙwayar ta faɗa, kuma ana iya yin sa ko da ba a kama ta da rai ba.

Tsohuwar hanyar kuwa sai da rayayyar ƙwaya. Ana yi wa kaji goma masu kimanin mako shida allurarta a jijiya, a lura da su kwana goma, kullum ana ba kowace maki: sifili ga lafiyayya, uku ga matacciya. Idan matsakaicin makin ya haura 1.2, ƙwayar mai tsanani ce. Wannan gwaji, da ma renon duk ƙwayar da ake zargin mai kisa ce, ba a yin su sai a ɗaki mai matakin tsaro na uku, inda iska ke shiga ba ta fita sai ta matata, ma'aikata suna sanye da kariya, kuma duk abin da zai fito sai an dafa shi da tururi. Dalilin a fili yake: a Hong Kong a 1997 H5N1 ta kama mutum 18 ta kashe 6, a Legas kuma ta kashe wata matashiya a Janairun 2007.

Abin da fadamun Afirka suka nuna

A ranar 8 ga Fabrairun 2006 aka sanar da ɓullar H5N1 a wata babbar gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, jihar Filato, ita ce ke karɓar irin waɗannan samfura a Najeriya, tabbacin ƙarshe kuma ya fito ne daga ɗakin gwajin da ke kusa da Padova a Italiya. Shugabar sashen a lokacin, Ilaria Capua, ta ƙi ajiye rubutun gadon ƙwayar a rumbun da 'yan ƙalilan ke da mabuɗinsa, ta saka shi a GenBank inda kowa zai gani. Muhawarar da wannan mataki ya tayar tana cikin abin da ya kai ga buɗe rumbun GISAID a 2008. Nazarin ƙwayoyin da aka samu a gonakin Najeriya a 2006 ya nuna zuriya uku mabambanta, abin da ke nufin cutar ta shigo fiye da sau ɗaya.

To, ta wace hanya? A farkon shekarar ta 2006, da tallafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, masana daga cibiyar CIRAD ta Faransa da ƙungiyar Wetlands International suka bi manyan dausayoyin Afirka suka tara samfura fiye da 4,000 daga tsuntsayen ruwa. Kimanin kashi uku da rabi cikin ɗari sun nuna alamar mura a gwajin PCR, a jikin baƙin tsuntsaye daga Turai da Asiya da kuma 'yan gida. Ba a samu H5N1 mai kisa ba. Waɗanda aka iya fitarwa da rai a ƙwai kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce ainihin labarin wannan fanni a ƙasashe masu zafi.

A 2007 aikin ya kai dausayin Haɗeja da Nguru, inda aka samu H5N2 a jikin kirinjijiya da dinya waɗanda ba su nuna wata alamar ciwo ba. Rubutun gurbin tsagawar ya nuna tambarin masu tsanani. An ɗaura wa ɗaya daga cikin tsuntsayen na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, aka ga ta ci gaba da rayuwa tana yawonta. Masu binciken, a rahoton da suka buga a 2008, sun yi taka-tsantsan da kalmominsu, suka tsaya a kan cewa ƙwayar tana ɗauke da rubutun gado irin na masu tsanani. Irin wannan taka-tsantsan ne ya kamata a nema a kowace sanarwa. Samun ƙwaya a jikin tsuntsun daji bai nuna alƙiblar tafiyarta ba, domin agwagwar fadama tana iya kai wa kaji, kamar yadda ruwan da ya wanko kashin kaji ke iya kai wa agwagwar fadama. Fataucin kaji da ƙwai da 'yan tsaki, da kasuwannin kaji masu rai, suna da nasu kaso da ba a cika son ambata ba, watakila don tsuntsun daji ba shi da ƙungiyar da za ta kare shi.

Tun daga wancan lokaci nauyin hujja a kan tsuntsayen daji ya ƙaru. Wani reshe na zuriyar Guangdong ya koyi tafiya tare da su fiye da magabatansa. A Janairun 2021 ya kashe kwasakwasa kusan 750 a gandun Djoudj na Senegal. A ƙarshen shekarar ya tsallaka zuwa Arewacin Amurka, a 2022 ya gangara Kudancin Amurka, a 2023 ya isa tsibiran da ke dab da Antatika, a Maris na 2024 kuma aka same shi a jikin shanun madara a Amurka. A kowane mataki rubutun gado ne ya nuna dangantaka, amma sanin ko garkuwar da rigakafi ke bayarwa tana gane sabon reshen, da ko magungunan mura suna aiki a kansa, da ko gwaje-gwajen da ake da su suna kama shi, duk sun dogara ga ƙwayoyin da wani ya yi nasarar warewa ya ajiye a firiza da cikakken suna: rukuni, tsuntsu, wuri, lamba da shekara.

Baƙin agwagi suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi daga wajen Oktoba, su juya arewa a Maris ko Afrilu, kuma masunta da manoman rani da maharba ne ke fara ganin duk abin da ya same su. Tsuntsayen da aka tarar sun mutu da yawa a wuri ɗaya ba a taɓa su da hannu, ba a kai su gida, ba a jefa wa kare. Ana sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa a ranar, domin gawar da ta kwana biyu a rana tana iya nuna wa na'urar PCR sawun cutar, amma da wuya ta ba ƙwai abin da zai rena.